Wata Ukun Da Muka Ɓoye Wa Dervla

Sunana Nuala. Shekara ashirin da huɗu na yi da Malachy Gildea a gonarsa da ke kan tudu, tafiyar minti goma a mota daga Glenties. Tumaki ɗari da 'yan kai muke kiwo, ni kuma ina aiki kwana uku a mako a kantin magani cikin gari. 'Yarmu ɗaya tilo, Dervla, wadda muka samu bayan mun kusa fid da rai.

Tun tana 'yar shekara tara ta ce likitar dabbobi za ta zama, kuma ba ta sake magana ba. Makarantar da take so a Dublin ba ta ɗaukar mutum sai makinsa ya kusa kaiwa ƙololuwa, don haka shekarar da za ta rubuta jarrabawar fita sakandare gidanmu ya shiga taitayinsa. Ba a buga ƙofa, ba a ƙure rediyo, ko karen gidan ya koyi yin haushi a hankali. Ta manna jadawalin karatunta a jikin firiji, kowane darasi da irin launinsa. In ta dawo makaranta ta ci dankali a tsaye, ta haye sama, ta rufe ɗaki.

Malachy ne kaɗai ba ya tsoronta. Yakan hau da kofin shayi ya ƙwanƙwasa ya ce, "Ranki ya daɗe, Likita, ga talakanku ya kawo gaisuwa."

"Baba, ajiye a ƙasa ka tafi."

"To, an kori talaka. Allah ya huci zuciyar Likita."

Daga kicin nakan ji tana danne dariya.

A watan Afrilu, tsakiyar haihuwar tumaki, na lura wandonsa ya fara yi masa yawa. Ya ce gajiya ce, wa ke ƙiba a Afrilu? Sai ciwon baya, sai farin idonsa ya soma komawa ruwan ɗorawa. Na tasa shi gaba zuwa asibiti a Letterkenny. Aka yi gwaji, aka ɗauki hoto, aka ce mu dawo ranar Alhamis. Muka gaya wa Dervla za mu duba wani rago ne da ake son sayarwa.

Likitar ba ta yi ta kewaye-kewaye ba. Ciwon daji ne, ya riga ya kama hanta. Za a ba shi magani don ya rage masa wahala, amma ba na warkewa ba. Malachy ya tambaye ta kamar yana tambayar yaushe za a ɗauke ruwan sama. Ta ce wata shida, ko tara in kwana ya ja.

Mun daɗe zaune cikin mota a filin asibitin ba wanda ya tayar da ita. Can ya ce, "Dervla fa?"

Ni na faɗa. Ina so a san wannan tun yanzu. Na ce, "Saura mako bakwai ta fara jarrabawa. Kada mu gaya mata."

"Nuala, yarinyar nan ba sakarya ba ce."

"Shekara biyu tana kashe kanta a kan littafi. In ta ji yau, komai ya zube. Kana so ta rasa ka, ta kuma rasa wannan?"

Ya goge gilashin gabansa da hannun riga, ko da yake ba abin da ya same shi. Ya ce, "In kin ga haka ya fi, shi ke nan."

Muka ce mata gyambon ciki ne. Ta ɗago kai daga littafin ilmin sinadarai ta ce, "Ai na sha gaya maka ka rage soyayyen nama," ta ci gaba da karatu. Abin ya zo da sauƙi har ya ba ni tsoro.

Dole ta sa muka gaya wa Condy Breslin, maƙwabcinmu na gangare, domin shi zai riƙe mana tumaki ranakun asibiti. Condy dattijo ne gwauro mai baki kamar reza, amma ya rantse zai kama bakinsa, ya kuma kama. Na gaya wa mai kantinmu saboda sauya ranakun aiki. Malachy ya gaya wa fada a coci. Magungunansa na zuba su cikin tsohon gwangwanin biskit a saman kabad.

Akwai wata rana a watan Mayu da har yau ba ta bar ni ba. Lahadi ce da la'asar, rana ta fito bayan mako guda ana ruwa. Ranar ya tashi da ɗan ƙarfi. Ya sa takalman gona, ya tsaya gindin bene ya kira ta.

"Likita, zo ki raka ni kan tudu mu ga 'yan raguna. Awa ɗaya kacal."

"Baba, ina karatu."

"Littafin ba zai gudu ba."

Sai ta buɗe ƙofa da ƙarfi. "Tumakin ne za su gudu? Don Allah ka bar ni in yi abin da ke gabana! Kullum kai ke nan, shayi, tudu, wasa. Bayan jarrabawa ina da wata uku cur, zan bi ka har sai ka gaji da ni."

Ya juyo ya dube ni. Da ido yake roƙona, na gane sarai. Na ce, "Ƙyale ta, Malachy."

Ya kira kare suka tafi. Ta taga na ga yana hawa yana tsayawa, yana hawa yana tsayawa, hannunsa dafe da ƙugu. Bai kai rabi ba ya zauna a kan katangar dutse.

Aka fara jarrabawa farkon Yuni. Ya ce shi zai riƙa kai ta, ba wanda zai karɓe masa wannan. Ba ya iya tuƙi sau huɗu a rana, saboda haka in ya sauke ta sai ya ja mota gefen titi ya kwantar da kujera ya jira har a tashi. Rana ta uku ta shigo gida tana ƙorafi.

"Mama, ki gaya wa mijinki ya daina gadin ƙofar makaranta. Ƙawayena cewa suke ɗan sandan ciki ne."

Ya ce, "Ɗan sandan ciki da wannan hular? Ai sai dai ɓarawon shanu."

Ranar lissafi ta fito tana kuka, wai tambaya ta ƙarshe ta kashe ta. Ya kai ta shagon soyayyen kifi, ya saya mata, ya zauna yana kallonta tana ci tana sheshsheƙa. Shi a lokacin ko warin mai ba ya iya jurewa. Da suka dawo ya zaga bayan rumbu ya amayar da abin da babu a cikinsa.

Mun shirya za mu gaya mata ranar Lahadi bayan takarda ta ƙarshe. Lahadin ta zo, ga ta tana haɗa jaka, za su tafi bakin teku a Bundoran da ƙawayenta kwana huɗu. Malachy ya ce a bari ta dawo. Ta dawo fuska ta ƙone da rana, tana waƙa tana wanke kwanuka, irin waƙar da rabon mu ji ta a gidan tun tana aji uku. Na ce gobe. Goben ta zo na ce jibi. Abin da aka ɓoye, kowace rana ƙara nauyi yake a baki.

Asabar ta farko a Yuli muka tara tumaki don aski. Condy ya zo da injinsa, Dervla na naɗe ulu tana cusawa a buhu, ni ina tsaron ƙofar garke. An ce wa Malachy ya zauna ya riƙa ƙirga. Wata tunkiya ta kufce, kafin in yi magana ya miƙe ya cafke ta. Ta fizge shi, ya faɗi a kan siminti, ya kasa tashi.

Condy ya yar da injin ya yi kansa yana faɗa. "Ban gaya maka ba? Kai wane irin taurin kai ne da kai? Mutum da daji a ciki yana kokawa da tunkiya!"

Injin na ta kuka a ƙasa. Dervla ce ta je ta kashe shi.

Ta ce, "Daji a cikin wa?"

Condy ya cire hula ya rasa inda zai sa ta.

Muka kai Malachy kicin muka zaunar. Ita ta ƙi zama. Hannuwanta duk maiƙon ulu, ta riƙe bayan kujera.

"Tun yaushe?"

Na ce, "Afrilu."

"Afrilu." Na ga leɓɓanta na motsi, tana lissafi. "Ranar da kuka je duba rago."

Ta juyo gare ni.

"Condy ya sani. Wa kuma?"

Na lissafa mata.

"Wato fada ya sani, mai kanti ya sani, matarsa ma ta sani, don ba abin da ke kwana a cikinsa. Duk Glenties na kallona ina wucewa da jakar littafi. Ni kaɗai ce jaka a garin nan."

"Dervla, don ke muka yi."

"Kada ki ce don ni! Wa ya tambaye ni?" Ta juya wajen ubanta. "Ka zo ka kira ni kan tudu, na kore ka. Ka sani, ka bar ni na kore ka."

Ya ce, "Ni na hana a gaya miki. Uwarki ta so ta faɗa, na ce a'a. In fushi za ki yi, ga ni."

Na dube shi, ya kawar da kai. Na bar shi ya ɗauki laifin.

Ba ta iya yin fushi da shi ba, lokacin yin hakan babu. Duk wannan bazarar ta manne masa. Ita ke kai shi asibiti, ita ta kwashe magungunan daga gwangwanin biskit ta jera su a kan tebur, ta rubuta lokutansu da irin alƙaluman nan masu launi. Aikin gona ta karɓe gaba ɗaya. Da yamma ta shigo ta zauna gefensa ta ba shi labarin kowace tunkiya, wadda ke ɗingishi, wadda ta tsallake shinge. Ni kuwa sai "to" da "a'a". Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba. Da ma ta yi.

Sau ɗaya ta yi ƙoƙarin kai shi kan tudu. Ta ɗora shi a tarakta da matashin kai biyu, amma girgizar hanya ta fi ƙarfinsa, suka juyo daga ƙofa ta biyu. Da ta shigo ta tsaya tana wanke hannu, ba ta kalle ni ba ta ce, "Yanzu ina da lokaci, shi ba shi da ƙafa."

Sakamako ya fito ƙarshen Agusta. Ta buɗe kwamfuta a kan teburin kicin da ƙarfe goma na safe, mu biyu muna tsaye a bayanta. Ta ci. Har lissafin da ta ce ya kashe ta. Bayan 'yan kwanaki Dublin suka ba ta gurbi. Malachy ya sa aka kira masa Condy a waya, ya ce, "Kai tsoho, daga yau in tunkiyarka ta yi atishawa sai ka cire hula kafin ka shigo gidan nan." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, hawaye na zuba, ban san na wanne ba ne.

Da ya lafa ta ce, "Ba zan tafi bana ba. An yarda mutum ya ɗaga shekara guda."

"Ki zauna ki yi me?"

"In zauna da kai."

"Ki zuba mini ido ki ga ko na cika? Ina da uwarki don wannan, ta fi ki iya harara."

"Baba, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba." Ya kama hannunta. "In kin ɗaga shekara ba zan ga kin shiga ba. Ki bar ni in gani. Ki je ki dawo ranar Juma'a ki ba ni labari, in ji yadda ake koyar da abin da na yi shekara arba'in ina yi da ka."

Ta dube ni, karon farko cikin makonni, tana neman wanda zai tsaya mata. Na ce, "Ki ji maganar babanki."

Ta tafi a watan Satumba. Kowace Juma'a ta hau bas, awa huɗu da wani abu, in ɗauko ta a garin Donegal, Lahadi in mayar da ita. Mun sauko da gadonsa falo. Takan zauna a ƙasa ta buɗe littafi ta nuna masa hoton cikin tunkiya, ya ce, "Ashe haka take, munafuka." Kowane mako ta tarar da shi ya ragu. Kowace Lahadi a mota ta ce, "In wani abu ya canza ki kira ni. Nan take, Mama. Ba gobe ba." In ce na ji.

Wata Talata ce a farkon Nuwamba. Nas ɗin da ke zuwa duba shi da safe ta saurari numfashinsa, ta jawo ni baranda ta ce in kira yarinyar. Ban ko koma ciki ba na kira. Tana cikin aji ta fito, ta kama bas ɗin ƙarfe goma sha ɗaya. Na zauna na riƙe hannunsa ina gaya masa tana hanya, ta bar Dublin, ta wuce kaza, ta wuce kaza. Ban san ko yana ji ba. Ƙarfe ɗaya saura ya yi numfashi guda mai tsawo, na jira na gaba, bai zo ba.

Ba a yi minti goma ba waya ta yi ƙara. Ina jin ƙugin bas ɗin da muryar wani yaro yana kuka a bayanta.

"Mun iso Cavan. Yana nan?"

Saura mata awa biyu a kan hanya, ita kaɗai cikin baƙin mutane. Nas ɗin na girgiza mini kai, wai in bari ta iso. Kalmar "yana nan" ta zo har bakina.

Na ce, "Ya tafi, Dervla. Yanzu-yanzu. Ina riƙe da shi."

Ta ce, "To," ta kashe wayar.

Condy ne ya ɗauko ta. Ya ce har suka iso ba ta buɗe baki ba. Kwana biyu gidan cike da mutane, ana shan shayi ana ba da labarin Malachy ana dariya, ita tana zagayawa da faranti kamar 'yar aiki. Ta shiga cikin masu ɗaukar akwatin daga coci zuwa makabarta, ta ƙi yarda a karɓe ta.

Ta koma Dublin ta ƙarasa zangon. Bayan Kirsimeti ba ta haɗa jaka ba. Ranar da ya kamata ta tafi na same ta a rumbu tana zuba wa tumaki ciyawa. Na ɗauki cokalin ciyawa na kama mata. Mun yi rabi na ce, "Ba babanki ne ya hana a gaya miki ba. Ni ce. Shi ya so a faɗa."

Ba ta daina aiki ba. "Na sani."

"Kin sani?"

"Baba bai iya ƙarya ba, kunnuwansa ke yin ja. Tun ranar na gane. Jira nake in ga ko za ki faɗa da bakinki."

"Ki yafe mini."

Ta jingina cokalin da bango. "Ina ƙoƙari, Mama. Wallahi ina ƙoƙari. Amma in na buɗe littafi sai in ga ƙofar ɗakina a rufe, shi yana tsaye a waje da kofi. Ba na iya karanta layi biyu. Makin da na samu, da Baba na saye shi."

Na ce ba haka ba ne, na ce ya yi alfahari da ita, na ce duk abin da uwa ke cewa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ɗauki bokiti ta tafi ɗebo ruwa.

Makarantar ta ajiye mata gurbinta shekara guda, shekarar ta wuce. Ta samu aiki a masana'antar kifi a Killybegs, tana fita da safe tana dawowa da ƙarni a gashinta. Malamanta in sun haɗu da ni a gari sukan riƙe hannuna su ce wannan asara da yawa take, yarinya mai irin wannan kai. Nakan ce lokaci take buƙata. Tumakin sun fi ƙarfinmu, muka sayar wa Condy, muka bar goma sha biyu don kada tudun ya zauna haka.

Zamanmu ba faɗa. Muna cin abinci tare, muna zuwa kabarinsa tare ranar Lahadi. Wani lokaci har takan yi dariya. Amma in na shiga ɗaki tana ciki, ba a jimawa sai ta tuna wani aiki a waje.

Shekara ɗaya da rabi bayan rasuwarsa ta gaya mini za ta tafi Ostireliya tare da ƙawarta Clodagh, kamar yadda rabin 'yan ajinsu suka riga suka yi. Ta riga ta sayi tikiti kafin ta faɗa. Na so in ce me ya sa ba ta shawarce ni ba, na ga ba ni da bakin tambayar.

Na kai ta tashar bas a Donegal da akwati biyu. Mun iso da wuri, muka zauna cikin mota.

Na ce, "Za ki koma karatun wata rana?"

"Ban sani ba."

"Za ki dawo?"

"Shi ma ban sani ba. Ba na so in gaya miki abin da ba ni da tabbas."

Bas ya shigo. Ta fita, direba ya sa akwatunan a ƙasa. Na ɗauka ta shige ke nan, sai ta dawo ta rungume ni da ƙarfi har na ji ƙashin kafaɗarta. Ta ce a kunnena, "Ki riƙa cin abinci, kin ji? Ba shayi da burodi kawai ba."

Shekara uku ke nan. Tana aiki a wata gonar shanu can yammacin ƙasar, inda ta ce sai ka yi awa biyu a mota kafin ka ga maƙwabci. Tana kira duk mako biyu. Mukan yi maganar zafin can da ruwan nan, da ƙafar Condy da ta fara ba shi wahala. Bara ta ce watakila ta zo Kirsimeti, aiki bai bari ba. Bana ban tambaya ba tukuna.